Kwad Ya Mutu a Tsakiyar Hawa Yana Komawa Baya: Wane Birki Za a Fara Kamawa?

Laminu Keita: Assalamu alaikum manya, barkanmu da warhaka. Ana ganin kwad, wato moto mai ƙafa huɗu, yanzu a hannun wasu ma'aikatan ƙungiyoyi da masu garka da masu kai kaya ƙauyukan da mota ba ta shiga. Yawancin waɗanda ake miƙa wa makulli daga moto mai ƙafa biyu suka fito, kuma ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Tambayata ita ce: mutum yana hawan tudu irin na wajen Keita da Buza, inji ya mutu ko ƙarfi ya ƙare, kwad ya fara komawa baya. Me zai fara yi? Wasu na cewa a take birkin ƙafa da ƙarfi, wasu na cewa a dira kawai. Masana a taimaka mana.

Malam Isuhu Makaniki: Wa alaikumus salam, Laminu. Taka birkin ƙafa da ƙarfi shi ne abin da ke kifar da kwad a kan mai shi. Birkin ƙafa na tayoyin baya ne. Kwad yana tafiya da baya, hancinsa a sama, nauyi duk ya taru a baya. In ka kulle tayoyin baya farat ɗaya, nan gaba zai ɗaga ya juyo ta kanka. Kuma abin da zai faɗo maka ba ƙarami ba ne: kwad na aiki mai inji 400 zuwa 700 yana kai kilo 250 zuwa sama da 300, ba a sa kaya ba.

Tun kana jin ƙarfi na raguwa, ka ɗaga daga kujera ka kai ƙirjinka saman gidon, wato abin tuƙi, ƙafafunka biyu a kan matakai. Ka saki totur. Ka kama birkin gaba, na hannun dama, kana ƙara matsewa a hankali har ya tsaya. Sai ya tsaya cik sannan ka haɗa da na baya, ka sa makullin birki. Kada ka ba shi wuta yana cikin komawa baya da nufin ya sake hawa. Tayoyin baya za su ciji ƙasa, gaba ya tashi, sakamakon ɗaya ne da na birkin ƙafa, har ya fi sauri.

In ya tsaya, ka sauka ta gefen da ke sama. In kuwa yana kallon tudun sak, ka sauka ta hagu, don hannunka ya kasance a kan birkin baya na hannun hagu. Kada ka tsaya a bayansa ko a ƙasansa ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Juya shi kuwa ga yadda ake yi: kana tsaye a hagunsa, ka karya gidon gaba ɗaya zuwa hagu, ka riƙe birki, ka cire makullin birkin, ka riƙa saki kaɗan-kaɗan yana komawa baya har ya gitta tudun. Za ka ga kai ne a sama, shi a ƙasanka. Sai ka karya gidon zuwa dama, ka bar shi ya matsa gaba har hancinsa ya ɗan kalli gangara. Ka kulle birki, ka hau ta sama, ka ja jikinka baya, ka sauko a ƙaramar giya.

Sani Abalak: Malam, a yi mini izini in ƙara abu ɗaya. Wannan rabon birki, dama na gaba, hagu da ƙafa na baya, haka yake a yawancin Honda da Yamaha. Amma Polaris da yawa hannu ɗaya gare su a hagu, yana kama tayoyi huɗu gaba ɗaya, na ƙafa kuma na baya ne kaɗai. Mai irin wannan hannun zai matsa a hankali, ya manta da na ƙafa. Sannan in kwad yana cikin kat-kat, wato inji na jan tayoyi huɗu duka, tayoyin gaba da na baya a haɗe suke ta hanyar inji, ko birkin gaba ka kama na baya ma suna jin sa. Ke nan a kat-kat babu birkin da ake fizga, kowanne a sannu.

Malam Isuhu Makaniki: Wannan gyara ne mai kyau, Sani, na gode. Shi ya sa duk wanda aka ba kwad ɗin da bai saba da shi ba, ya fara kai shi fili ya gwada kowane birki shi kaɗai, ya ga wace taya ke kamawa.

Alhaji Mahamadu: To Malam Isuhu, in an kama birkin bai tsaya ba fa? Ƙasar wajen nan tsakuwa ce bisa marmara, taya na iya kullewa abin shina ci gaba da sulɓewa.

Malam Isuhu Makaniki: Alhaji, a nan ne dira take zama daidai. In yana sulɓewa birki bai riƙe ba, ko ka ji gaba ya fara sauƙi a hannunka, ka fita ta gefe, wajen da ke sama, ka ture shi da ƙafa ka bar shi ya tafi. Ba a dira ta baya, don hanyarsa ke nan. Abin da ke hana mutane saki shi ne tunanin kuɗin kwad ɗin, ko tsoron abin da patron zai ce. Gidon da robobi ana sayensu a canza. Kuma asalin maganin tun a gindin tudu yake: ka sa ƙaramar giya kafin ka fara hawa, ka hau a miƙe ba a karkace ba, kada ka canza giya a tsakiya. Littafin Polaris na yawancin kwad ɗinsu ya tsaya a digiri 25, abin da ya wuce haka a nemi zagaye. A saman tudu kuma a rage wuta, domin a Adar sau da yawa bayan tudun kwazazzabo ne da ruwa ya ci.

Abdu Direba: Barkanku da ƙoƙari. Ni abin da nake so ƙannenmu su gane, hannun da moto ya koya maka shi ne zai cuce ka a kan kwad. Mai moto in ya ji zai faɗi, ƙafa yake sawa ƙasa. Ka yi haka a kan kwad, tayar baya tana nan daidai bayan dugaduginka, za ta take ƙafar ta janyo ka ƙasa. Ƙafa ba ta barin mataki sai an tsaya ko an yanke shawarar fita gaba ɗaya.

Na biyu kwana. Moto yana kwantawa tare da kai. Kwad ba ya kwantawa, waje yake son kifewa. Da yawansu tayoyin baya a kan sanda ɗaya suke, babu difaransiyel, duka biyun gudu ɗaya suke juyawa, don haka shi miƙewa yake so. Ka rage gudu kafin kwanar, ka matsa gaba a kujera, ka karkata jikinka zuwa cikin kwanar. In ka ji tayoyin ciki sun fara barin ƙasa, ka ƙara kwantawa ciki, ka sassauta totur a hankali, ka ɗan buɗe kwanar in da fili. Fizgar birki a nan ƙarasa kifewa ne. Haka in kana gitta gangara: jikinka wajen sama, in ya fara ɗagawa ka karya gidon zuwa ƙasa, ba zuwa sama ba. Zuciya ba ta son haka, amma shi ne ke mayar da tayoyin ƙasa.

Laminu Keita: Yaya Abdu, to a kan kwalta fa? Mutane na ganin nan ne ya fi sauƙi.

Abdu Direba: Nan ne ya fi haɗari. A ƙasa tayar ciki tana ɗan sulɓewa ta ba ka kwana. A kwalta ba ta sulɓewa, sai ta cije, ga taya mai laushi, ga nauyi a sama, ga gudu. Kamfanonin da kansu suna rubuta a jikinsa cewa ba na kwalta ba ne. In dole sai ka bi wani yanki na hanyar Tahoua zuwa Abalak, ka cire kat-kat, ka tafi a hankali a gefe, ka tuna manyan motocin hanyar Agadas ba za su iya tsaya maka ba.

Sani Abalak: Saukowa ma a faɗe ta, don nan ake samun wanda ke cewa birki ya tsinke alhali lafiyarsa lau. Kwad mai bel, wanda ba a canza masa giya da ƙafa, wasunsu in ka saki totur gaba ɗaya inji ya koma silo, bel ɗin sai ya saki, inji ya daina riƙe shi, ya tafi a sake. Sai mutum ya danne birki tun daga sama har ƙasa, birki ya yi zafi, mai ya tafasa, hannun birki ya yi laushi. A sa ƙaramar giya tun a sama, jiki can baya, a sauko a miƙe, ana kama birki ana saki. In hannun ya yi laushi a tsakiya, a riƙa matsawa ana saki da sauri, sau da yawa yana dawowa kaɗan, a haɗa da ɗaya birkin, a nufi rairayi ko wurin da ƙasa ta ɗan tashi. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Yawancinsu DOT 4 ne, an rubuta a murfin. Kada a zuba man inji a ciki, yana kumbura robobin.

Laminu Keita: Totur kuma in ya maƙale yana ta gudu?

Malam Isuhu Makaniki: Maɓallin nan mai launin ja na kashe inji da ke gidon na hagu, shi ne na farko, da babban yatsa, ba tare da ka saki gidon ba. Sannan birki biyu a hankali, kana miƙe. Kada ka sunkuya neman makulli, kada ka tsaya kokawa da totur ɗin. Abin da ke jawo shi: ƙura da rairayi a cikin kebul, zaren kebul da ya fara tsinkewa yana kama kwasfa, ko kaya da aka ɗaure a kariyar gaba, wato ƙarfen ɗora kaya, suka danne shi. Kafin ka tashi, inji na silo, ka karya gidon hagu da dama har ƙarshe. In ƙarar inji ta ƙaru, kebul a ja yake, kada ka fita. Totur ya kamata ya kasance da ɗan wasa na milimita kaɗan, wajen 3 zuwa 5 a yawancinsu, kuma ya koma da kansa da ka saki. Shi ma jan maɓallin a gwada shi kullum, domin ƙura na kashe shi ba a sani ba.

Alhaji Mahamadu: Damina na tahe. Ku yi batun ƙorama, don wanga shi ka cin mutane a Maggiya da kewaye.

Sani Abalak: Gaskiya ne Alhaji. Ƙoramun nan ruwansu daga kan dutsi yake zuwa, ana iya yin ruwa a can nesa nan rana na haske, sai dai ka ji ƙara. Ruwan da ke gudu ba a shigarsa da kwad. Tayoyinsa manya ne cike da iska, suna ɗaga shi, da ya rasa ƙasa ruwa ya juya shi. Ruwan da ke kwance ma iyakarsa matakan ƙafa, kuma a fara takawa da sanda a ji ƙasan, domin rairayin ƙorama yana zaftarewa. In an ƙetare, a ɗan tafi ana matsa birki sama-sama har ya bushe.

In kuwa ya nutse inji ya mutu, mutum ya fara fita da kansa. Bayan an ja shi waje, kada a taɓa sitata. Ruwa ba ya matsuwa, in yana cikin silinda ka juya inji, sandar fistan ce za ta lanƙwashe. A buɗe akwatin iska a zubar da ruwa, a cire filta, a cire buji, sannan a juya inji ruwa ya fita ta ramin bujin. A zubar da abin da ke gindin karbirato. A cire toshiyar da ke ƙasan murfin bel. A duba man inji: in ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, sai an juye shi, galibi fiye da sau ɗaya, kafin a yi tafiya da shi.

Hajiya Rabi Manjo: Sannunku da aiki. Kun yi bayanin ƙarfe, bari in yi na mutum, domin mu ake kawo wa. Abin da ya bambanta haɗarin kwad da na moto shi ne danniya. Mutum na iya kasancewa ba karaya ko ɗaya, amma kwad yana kan ƙirjinsa, ƙirjin ya kasa buɗewa, cikin 'yan mintuna numfashi ya ƙare. Saboda irin wannan mutuwar a gonaki ne Ostareliya ta wajabta tun Oktoban 2021 a riƙa sayar da sabbin kwad na aiki da ƙarfen kariya a bayansu, wanda ke barin sarari in ya kife. Don haka in kun tarar da mutum a ƙarƙashinsa, ba a jiran kowa. A kashe inji, a rufe famfon mai in yana da shi, a kashe taba. A tokare shi da duwatsu kada ya sulɓe. In mutum biyu ko uku ne za su iya mirgina shi gefe, nesa da wanda ke ƙasa. In hannu bai isa ba, a nemo itace mai ƙarfi a cusa ƙarƙashin kariya ko firam, a sa dutse a matsayin madogara, ɗaya na dannawa ɗaya na cusa duwatsu, don in itacen ya kuɓuce kada ya sake faɗo masa.

Da an ɗaga, a bar shi inda yake in wurin ba haɗari. A nan ne mutanenmu ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya: a ɗago shi zaune, a girgiza shi, a kama hannu da ƙafa a jefa a mota. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗagawar ce ke yanke laka, mutum ya shanye har abada. Mutum ɗaya ya durƙusa wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki. A yi masa magana. A tambaye shi inda ke ciwo, a ce ya motsa yatsun hannu da na ƙafa. Hular kwano a bar ta a kansa, a buɗe gilashin kawai, sai in ba ya numfashi ko yana amai. In dole a cire, mutum biyu ne: ɗaya ya tallabi wuya da haɓa ta ƙasa, ɗaya ya zare hular a miƙe.

In ya suma amma yana numfashi, a mirgina shi a gefensa, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare, don amai ko jini kada su shaƙe shi. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda ya koya ya haɗa da hura iska, dannawa 30 hurawa 2.

Abdu Direba: Hajiya, jini fa? An ce ɗaure hannu ko ƙafa yana sa a yanke ta.

Hajiya Rabi Manjo: Malam Abdu, abin da ke sa a yanke ta shi ne ɗauri da igiyar roba ko waya, ko a ɗaure a manta. Yawancin jini dannawa ke tsayar da shi: tsumma mai tsabta a kan ciwon, a danna da ƙarfi minti 10 ba a ɗagawa ana leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a cire na farko. Amma in jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, dannawa ta kasa, to a ɗaure, rai ya fi ƙafa. A ninke rawani ko ɗankwali ya yi faɗin yatsu uku zuwa huɗu, a ɗaura santimita 5 zuwa 7 sama da ciwon, ba a kan gwiwa ba, a sa sanda ko sifana a murɗa har jinin ya tsaya. Zai yi ihu, ciwo gare shi, kada a sassauta. A rubuta lokacin da aka ɗaure a jikinsa ko a waya, a gaya wa likita. Mu ne za mu kwance.

Kuma don Allah a daina zuba ƙasa, toka, man birki, esansi ko ruwan batir a ciwo. Ruwa mai tsabta ya isa. Ciwon da ƙasa ta shiga yana bukatar allurar tetanos. Ƙunar salansa kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata har minti 20, ba man goge haƙori ba, ba ƙwai ba.

Alhaji Mahamadu: Hajiya, tun muna ɗiya muke jin an ce wanda ya yi haɗari in aka ba shi ruwa mutuwa zai yi. Gaskiya ne ko faɗa ce?

Hajiya Rabi Manjo: Alhaji, akwai gaskiya a ciki, amma ba ruwan ne ke kashewa ba. Wanda jini ke zuba a cikinsa ƙishirwa yake ji mai tsanani, ya roƙi ruwa, a ba shi, ya cika, sai a ce ruwan ne. Jinin ne. A kan kwad wannan na faruwa in gidon ya bugi ciki, saifa ko hanta ta fashe, waje kuwa ba ka ganin komai sai ɗan shaida. Alamunsa: leɓe da cikin ido su yi fari, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa da sauri, ciki ya yi tauri, wani lokacin ciwo a kafaɗar hagu. Wannan ba a ba shi komai ta baki, haka wanda hankalinsa bai dawo daidai ba, domin zai shaƙe, kuma mai yiwuwa aiki za a yi masa. A jiƙa masa leɓe kawai. Amma mutumin da ke cikin hayyacinsa, ciki lafiya, karayar hannu ce ko ƙafa, ga zafi, ga asibiti da nisan awoyi, a ba shi yana kurɓa kaɗan-kaɗan.

Maganin ciwo kuma parasitamol kawai. Aspirin da diklofenak suna ƙara zubar jini. Taramol yana sa barci ya rufe mana alamun bugun kai, balle a ce wanda ya sha shi ne ke tuƙin.

Mutum biyu nake roƙo kada a bari su tafi gida don sun miƙe sun ce lafiya lau. Wanda kansa ya bugu, ko da ya farfaɗo yana hira: jini na iya taruwa a hankali, bayan awoyi ya fara amai, ciwon kai na ƙaruwa, barci na fizgarsa, ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci. Da wanda kwad ya daɗe a kan cinyarsa ko ƙafarsa: naman da ya mutsuke yana sakin abin da ke toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar shayi ko ya ɗauke. Shi ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata da wuri.

Laminu Keita: Hajiya, a ƙauye ai maɗori ake fara kira.

Hajiya Rabi Manjo: Na sani ƙanena, kuma ba raina su nake ba. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, da ta cinya, da ta ƙugu, da ta baya, ba tasu ba ce. Cinya kaɗai na iya ɓoye jini fiye da lita guda. Ɗaurin kara mai tsanani a kan ƙafar da ke kumbura kuma yana tsayar da jini, ƙafa ta mutu. Abin da za ku yi a daji: a tallafe wurin yadda aka same shi da itace biyu da tsumma, ɗaurin ya wuce gaɓar sama da ta ƙasa, a bar yatsu a waje ana dubawa. In sun yi sanyi ko sun canza kala, a sassauta. Ɗaukarsa kuma a kan ƙyaure ko katako, mutum huɗu, mai riƙe kai shi ke ba da umarni. A bayan mota a kwance, ba a kan wani kwad ko moto ba. CSI, wato ƙaramin asibitin yanki, mafi kusa za ta tsayar da jini ta sa ruwa, amma mai bukatar aiki sai babban asibiti, irin na jiha a Tahoua, ko Galmi ga waɗanda ke wajen Madawa da Malbaza.

Abdu Direba: Lambobi: 18 'yan kwana-kwana, 17 'yan sanda, 15 SAMU, masu agajin gaggawa na asibiti. Amma a daji lambar manjon CSI na yankin da ta jandarma sun fi saurin amfani, a ajiye su tun a gida. In an kira, a fara da wuri: sunan ƙauye ko rijiya mafi kusa, mutum nawa, yana numfashi ko a'a. GPS na waya yana aiki ko babu rezo, a karanta lambobin, a hau tudu a tura saƙo, saƙo na fita inda kira ya kasa. Layi biyu na kamfani daban-daban ya fi ɗaya. Kafin a fita a gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Masu zuwa arewa kuma su tambayi hukuma tukuna, Tillia da Tassara tun 2017 aka sa musu dokar ta-ɓaci, kuma ana iya hana zirga-zirgar moto a wasu wurare.

Sani Abalak: In kwad ya lalace a Azawak, a zauna kusa da shi. An fi ganinsa daga nesa, kuma sawunsa ake bi. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 43, tafiyar ƙafa da rana tsaka ita ce ke kashewa. A yi inuwa da tampol ko bargo, a riƙa shan ruwa. Ruwan da aka ɗauka ya zama na yini guda fiye da abin da aka shirya. In babu fakitin SRO, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti: lita 1 ta ruwa, cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi jikinsa na zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa shi gaba ɗaya, a yi masa fifita, a nemi asibiti.

Kafewa a rairayi kuma, da ka ji taya na juyawa a wuri ɗaya ka saki totur. Ci gaba da ba shi wuta binne shi ne, kuma bel ne ke ƙonewa, za ka ji warin roba. A tone gaban tayoyi, a shimfiɗa reshe ko tabarma, ƙaramar giya da kat-kat, kana gefe kana turawa. In fitilar zafi ta kama, ka tsaya. Yawanci laka ce ko ƙarangiya ta toshe radiyato. Kada a buɗe murfinsa sai ya huce. Busasshiyar ciyawar da ke taruwa jikin salansa a riƙa cire ta, ita ce ke tayar da gobarar daji a lokacin kaka.

Alhaji Mahamadu: To batun goyo fa? Kujerar doguwa ce, ana ɗora mutum biyu har da bidon na ruwa.

Malam Isuhu Makaniki: Alhaji, tsawon kujerar don mai tuƙi ne ya matsa gaba a hawa, ya ja baya a gangara. Duk abin da muka faɗa a sama da jiki ake yin sa, in akwai mutum a bayanka ka rasa wurin motsi, nauyi kuma ya koma bayan tayoyin baya. Akwai waɗanda aka ƙera na mutum biyu, sun fi tsawo, da matakai da mariƙi na fasinja. In ba irinsu ba ne, mutum ɗaya. Yaro ƙasa da shekara 16 kuma ba a ba shi babban kwad, nauyinsa bai kai ya rinjaye shi ba.

Kaya akwai iyakarsa a rubuce jikin kariya. A matsakaicin Honda wajen kilo 30 ne gaba, 60 baya. Bidon mai lita 25 kilo 25 ne da ɗoriya, uku a baya an riga an wuce. A raba gaba da baya, a kwantar da su ƙasa-ƙasa, a ɗaure tamau. Bidon da bai cika ba ya fi cikakke haɗari, ruwan na kaɗawa gefe daidai lokacin kwana.

Laminu Keita: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe Malam: iskar taya nawa? Masu faci suna bugawa har ta yi tauri.

Malam Isuhu Makaniki: Kada ka yarda. Tayar mota tana cin bar 2 da wani abu, ta kwad kuwa 0.2 zuwa 0.5 ne a yawancinsu, adadin naka yana kan takardar da aka liƙa a jikinsa. Gejin mai faci ba ya ma karanta wannan, sai ka sayi ƙaramin geji na ƙaramar iska ka ajiye a akwati. Taya mai tauri tana tsalle a kan dutse, tana nutsewa a rairayi, tana kuma saurin kifarwa. A auna da safe taya na sanyi, hagu da dama su zama daidai, domin bambanci kaɗan yana jan kwad gefe ɗaya, musamman in ka kama birki. In ka ji yana ja gefe kana cikin tafiya, ƙayar aduwa ce ko ta bagaruwa ta shiga: ka riƙe gidon da kyau, ka saki totur, ka bar shi ya rage gudu kafin ka taɓa birki. Tayoyin ba su da tib, don haka igiyar faci da allurarta da ƙaramin famfo sun isa ka toshe huda a wurin ba tare da ka kwance ƙafar ba. Yankan gefen taya ne kawai igiya ba ta riƙewa da kyau, in ka toshe shi ka lallaɓa a hankali zuwa gari ka canza tayar.